Yadda muka daina sayen awo da damina a gidanmu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni matar aure ce, ina zaune a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Taura a jihar Jigawa, ba mu da nisa da Gujungu. Haihuwar Ringim ce ni, aure ne ya kawo ni nan a 2012 bayan na gama sakandare. Mu takwas ne a gidan, ni da maigida da mahaifiyarsa da muke ce wa Inna, sai yara biyar. Maigidana manomi ne, in rani yayi kuma yana tafiya ci-rani, wani lokacin Kano wani lokacin har Abuja, duk aikin ƙarfin da ya samu yi yake. Babu mai albashi a cikinmu kuma babu wani ɗan uwa a birni da yake turo mana duk wata. Amma Alhamdulillah damina biyu kenan bamu sayi ko kwano ɗaya na gero ko dawa ba, babu kuma wanda yake bin mu bashin hatsi, kuma wanda ya san zaman ƙauye ya san wannan ba ƙaramin abu bane. Shi yasa naga ya kamata in rubuta yadda abin ya kasance, ko Allah zai sa wata ta amfana.

Yadda na zo na tarar da rayuwar garin nan, kuma haka take a kusan kowane gida, shine da kaka kowa sarki ne. Gero ya shigo, wake ya shigo, gyaɗa ta shigo, daga baya dawa, sai kaga hankalin kowa ya kwanta, to a lokacin ne kuma duk wani biki da aka ɗaga tun bara yake tashi, aure da kaciya da gyaran ɗaki da sayen mashin da ɗinkin yara duk lokaci ɗaya. Kuɗin kuma daga ina, daga rumbu. Duk ranar Lahadi zaka ga amalanke da mashina sun ɗauki buhuna an nufi kasuwar Gujungu, kuma tunda kowa ya kawo a lokaci ɗaya farashin a ƙasa yake, 'yan kasuwa su saya su loda a mota a kai Dawanau a jibge a sito. A gida kuma mu mata babu mai awo da lissafi, kwarya ake sawa a ɗebo, a yi tuwo ya yi yawa ya kwana ya lalace a zuba wa kaji, yara su ɗebi gero su kai wa mai rake da mai alewa a yi musu musaya. Kafin ruwan farko ya sauka rumbu ya fara yin ƙasa, kafin a yi noman biyu ya ƙare ƙaf. Daga nan sai a koma kasuwa, hatsin da ka sayar da arha shi zaka sayo kwano kwano da tsada, a daidai lokacin da kake neman kuɗin taki da na 'yan ƙwadago, kuma a lokacin ne zazzaɓi yake kwantar da yara.

Wanda bashi da kuɗin sayen awo sai ya faɗa ba-da-kaka. Ga wanda bai san shi ba, mai kuɗi ne zai baka kuɗi ko taki ko hatsi da damina, in kaka tayi ka biya shi da buhu, kuma shi yake yanka farashin, kai kuma yunwa bata barin ka ja ciniki. Malamai sun sha faɗa a wa'azi cewa bada hatsi a karɓi hatsi da ƙari riba ce, kowa ya sani, amma mutumin da yaransa suka kwana basu ci ba me zaka faɗa masa. Muguntar abin itace tun amfanin gonarka yana tsaye ya riga ya zama na wani, kana sussuka mai bashi yana zaune a gindin bishiya da buhunansa, abinda ya rage maka bazai kai ka ko azumi ba, sai ka sake komawa wajensa baɗi. Gidanmu ma mun yi shekaru a cikin wannan.

Sai ga ambaliyar 2022. Wanda yake Jigawa a shekarar bazai manta ba, daga Ringim har Auyo da Hadeja ruwa ya ci gonaki da gidaje, mutane suka koma kwana a makarantu da bakin titi. Gonarmu ta fadama da maigida ya zuba shinkafa da takin bashi, ruwa ya shanye ta gaba ɗaya ko zangarniya ɗaya bamu ɗauka ba. Allah ya taimake mu ta tudu ta tsira muka samu ɗan gero da dawa. Mai bashi kuma yazo, yayi mana jaje dai kam, amma yace shima kuɗin ba nasa bane shi kaɗai. Ƙarshe dai gonar fadaman aka bada jingina aka biya shi. Ranar da aka rubuta takardar a gaban mai unguwa maigida ya dawo ya shiga ɗaki ko tuwo bai ci ba, gonar gado ce, mahaifinsa ya noma ta, kakansa ya noma ta. Inna bata ce komai ba amma naga tana share ido da bakin zaninta.

Bamu gama farfaɗowa ba aka shiga canjin kuɗi a farkon 2023, aka sauya 200 da 500 da 1,000, takardar kuɗi ta ɓace. Mu da ko banki babu a kusa, maigida yana can wajen ci-rani zai turo ɗan abinda ya samu ta asusun wani mai POS, kafin ka karɓa a hannu an zaftare wani abu mai yawa, wata rana ma ka aika yaro ya yini a layi ya dawo yace babu kuɗi. Na sayar da akuya a lokacin da farashin da har yau in na tuna raina yana ɓaci, dan kawai mai sayen yana da tsabar kuɗi a hannu. Sannan ranar 29 ga watan Mayu shugaban ƙasa Tinubu yace an cire tallafin mai, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Mutanen birni suna zaton mu na ƙauye da bamu da mota abin bai shafe mu ba, wallahi ya shafe mu har cikin tukunya, kuɗin niƙa ya tashi, kuɗin mashin zuwa asibiti ya tashi, manja da gishiri da magi da omo duk mota ce take kawo su. Aka kuma rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin da aka yi can a watan Yuli, kasuwar Maigatari ta yi sanyi. Daminar nan mun ga rayuwa, akwai daren da na ɗora tukunya da ruwa kawai ina ta hura wuta dan yara su ga kamar ana girki har bacci ya ɗauke su.

Da kakar 2023 ta zo, an gama yankan dawa an shigo da komai, wata rana bayan sallar isha'i Inna ta kira mu ni da maigida ɗakinta. Ita mace ce mara yawan magana, ta ga farin da aka yi zamanin Gowon tana amarya, in tana bada labarin yadda suka ci dusa da ganyen daji jikinka sai yayi sanyi. Ta dubi ɗanta tace, kai bana dami nawa Allah ya baka. Ya faɗa. Tace ka fitar da zakka, yace ya fitar, dami ɗaya cikin goma. Sai ta juyo wajena tace, ke 'yar nan tunda kin yi boko ɗauko takarda ki mana lissafi, kwano nawa kike ɗiba a rana. Nace Inna kusan kwano ɗaya da rabi, in da baƙi har biyu. Tace buhu kwano nawa ne, nace 40. Muka kimanta abinda ke rumbu in an sussuke zai kai kamar buhu 9, gero da dawa. Na buga lissafi a waya, kwano 360 kenan. In muka ci gaba da ɗaya da rabi wata takwas zai yi ya ƙare, wato daidai tsakiyar damina, in kuma muka tsaya a kwano ɗaya a rana zai kai mu har sabon gero. Kuma wannan in ba a sayar da ko tsaba ba kenan. Na karanta musu, ɗakin yayi shiru. Maigida yace to Inna kuɗin cefane fa, da hidimar mutane, ga bikin gidan kawu saura wata ɗaya. Tace ridinka da zoɓonka da gyaɗarka ka sayar, wannan na kasuwa ne, amma gero da dawa na cikin jikokina ne, duk wanda ya kai su kasuwa ban yafe ba. Tunda nake da ita ban taɓa jin ta faɗi irin wannan kalmar ba. Washegari aka sa kwaɗo a ɗakin hatsi, makullin yana ɗaure a bakin zanin Inna, duk safiya ita take auna min kwano ɗaya, shafaffe ba mai tozo ba.

To kwano ɗaya ga mutum takwas sai da dabara, a nan aikin ya dawo kaina. Abu na farko na daina kai surfe inji, a turmi muke yi ni da babbar 'yata, dusar ta awaki ce, ruwan wankin hatsin ma ƙasari ne su suke sha, babu abinda yake zuwa kwata. Niƙa kawai nake kaiwa inji shima na kwana uku nake haɗawa. In na tankaɗe, tsakin daban nake ajiyewa, shi ne abincin rana, a yi fate ko dambu a cika shi da zogale ko rama, tsaki kaɗan ganye da yawa a ɗan barbaɗa ƙuli, wallahi yaro zai ci ya ƙoshi ya sha ruwa ya tafi islamiyya. Da dare tuwo, kuma ina kwashewa nake ware malmalar safe in rufe in kai ɗakin Inna, dan in ka bar shi a fili masu ƙari zasu cinye, da safe a yi ɗumame a haɗa da ɗan koko. Ƙanzon tukunya bana jiƙa shi in zubar, kankarewa nake in shanya a faifai ya bushe in tara a buhu, ranar da abu ya matse a jiƙa shi a kwaɗanta da ƙuli da barkono da ɗan mai, abinci ne sosai. Wake kuma shi ne namanmu, ko a miyar kuka sai na daka ɗan wake na zuba, miyar tayi kauri tayi daɗi, ga daddawa da nake yi da kaina in kalwa tayi arha. Magi da nake sa huɗu na koma ɗaya, da farko yara sun yi ƙorafi, yanzu in sun ci miyar wani gida cewa suke tayi gishiri. Shinkafa da taliya sai Juma'a ko sallah, shayi da burodi kuwa sai mara lafiya. In maigida ya tafi ci-rani baki ɗaya ya ragu, kuma babban baki, a watannin nan nake ɗan rage wani abu daga kwanon in zuba a wata tukunyar ƙasa, shi muke kira na baƙo, dan gidan Bahaushe ba a cewa baƙo babu.

Kayan miya kuma lokacin arharsu nake bi. In tumatirin rani ya cika kasuwa har masu lambu suna rasa yadda zasu yi da shi, sai in sayi kwando in yanka in shanya a kan tabarma ya zama kauɗa, haka tattasai da attaruhu, haka kuɓewa da kaka, haka kuka da karkashi da yakuwa. Da damina lokacin da tumatir uku ake sayar maka da kuɗin da ka sayi kwano guda da rani, ni jiƙa kauɗata kawai nake. A bayan ɗakina na dasa zogale, ruwan alwala da na wanke-wanke shi yake sha, ga kabewa tana hawa danga. Waken da muke ajiyewa a da ƙwari suke cinye rabi, yanzu in ya bushe sosai a jarka muke ɗurawa mu cika ta har baki mu toshe da leda mu ɗaure murfin, iska bata shiga, ƙwaron ciki ya mutu, babu ruwanmu da maganin feshin nan da wasu suke zubawa a abinci. Masu hali suna sayen buhun PICS mai leda biyu a ciki, aikin ɗaya ne. Itace kuwa ya zama abin da ya zama, to karan dawa da na gero tun kaka ake tara mana a jingine, da busasshen kashin shanu, na kuma gina murhun ƙasa mai rufaffen gefe dan iska ta daina kwashe wutar, in zan dafa wake tun dare nake jiƙa shi in sa 'yar kanwa. Sabulun wanki in na saya yankawa nake gida huɗu in bar shi ya bushe kafin a fara amfani da shi, ɗanye narkewa yake a ruwa. Wata zata karanta tace wannan ai ƙananan abubuwa ne, eh ƙanana ne, amma da su muka kai sabon gero.

Maganar kuɗi a hannu kuma, ridi da zoɓo sune suka riƙe mu, Jigawa Allah ya bamu su kuma har ƙasar waje ake fita da su, suna da daraja. Maigida in ya sayar, kafin kuɗin su shigo gida su narke yake sayen takin baɗi ya ajiye, sauran a sayi 'yar akuya ko tunkiya. Mu bankinmu kenan, tana cin dusa da harawa, ta haihu, kashinta ya tafi gona, ranar da lalura ta taso a ja ɗaya a kai kasuwa. Ni kuma ina yin man gyaɗa da ƙuli ina sayarwa a gida, ranar kasuwa in soya awara. Ribar ba wata mai yawa bace amma man da muke ci da ƙulin kwaɗo daga nan suke fita, kuma da ita nake zubin adashi duk sati. In na kwashi adashi bana bari kuɗin su kwana biyu a ɗaki, dan da zarar an ji ka ɗauka masu neman rance zasu fara sallama, kuma duk 'yan uwa ne, sai in mayar da su dabba ko gyaɗar da zan yi sana'a.

Amma in faɗa muku gaskiya, rage tuwo bai min wahala ba kamar bakin mutane. Anko na daina yi gaba ɗaya. Biki in na dangi ne na jiki ina zuwa tun safe in yi aiki da hannuna, in yi daka in yi wanke-wanke in kai abinda ya sawwaƙa, amma in ci bashi dan a kira sunana a fili ace wance ta bada kaza, na daina. Lokacin bikin 'yar yayar maigida aka fitar da atamfa kala biyu, ban ɗauki ko ɗaya ba, naje da tsohon leshina na aure a wanke a goge. Ina tsugune ina kwashe tuwo naji wata tana cewa ai matar wane tunda ta mallake gidan ko tsinke baya fita, 'yar boko ce komai sai ta rubuta. Yayar tasa da kanta ta kira ni gefe tace, haba amarya, ko dan idon mutane ai kya yi kala ɗaya. Nace Yaya kiyi haƙuri, kuɗin kala ɗayan nan awon sati biyu ne a gidanmu. Bata ji daɗi ba, ta ɗau lokaci tana amsa gaisuwata sama sama. Na dawo gida nayi kuka sosai, dan ni ba marowaciya bace, ina son in sa sabon kaya in shiga cikin mata kamar kowa, ina son in bayar a yaba. Inna ta same ni tace, 'yar nan bar kuka, ranar da kika ɗora tukunyar ruwa wa ya leƙo cikinsu. Sunan auta ma haka muka yi, ragon da muka kiwata aka yanka, aka yi addu'a da safe aka raba goro da waina, babu taron yini babu mai kiɗa, an yi magana an gaji an bari.

Akwai kuma inda bana tattali ko kaɗan. Yaro in jikinsa yayi zafi bana jira sai gobe, bana sayen ƙwaya biyu a kemis in ce a gani, asibiti muke tafiya a gwada jini, dan naga yadda zazzaɓin cizon sauro yake sa yaro jijjiga cikin dare ɗaya, kuma kuɗin ƙarin jini ya ninka na gwaji sau nawa. Gidan sauron da aka raba mana bamu kewaye lambu da shi ba, a ciki muke kwana, in ya yage in ɗinke. Maganin da ake bi gida gida ana ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar duk wata da damina bana bari ya wuce mu, awon ciki ma ban taɓa fashi ba. Ƙananan yaran ina musu kunun gero da waken suya da gyaɗa dan tsoron tamowa, ko manya zasu rage su basa ragewa. Makaranta kuma ko da yunifom ɗaya ne a wanke da yamma a sa da safe, babu wadda na ɗora wa talla lokacin aji. Zakka kuwa kafin komai ake fitar da ita, kuma almajirin da yake mana ɗiban ruwa yana da malmalarsa cikin kwano ɗayan nan.

Daminar 2024 itace gwajin gaske. Kwanon gero ya haura naira 2,000, abinda tsofaffi suka ce basu taɓa ji ba, har aka fita zanga-zangar tsadar rayuwa a farkon watan Agusta. A garinmu akwai gidajen da tafasa da yaɗiya kawai ake dafawa a ci da gishiri, magidanci ya fita tun asuba ba dan yana da wajen zuwa ba sai dan kar yaji kukan yara. Mu Allah ya rufa mana asiri muna da na tuwo, amma ba zaka iya haɗiye loma kana jin na maƙwabta ba, tukunyar baƙon nan a kansu ta ƙare, Inna da kanta take aunawa bayan magariba ta ba yaro ya kai a rufe dan kar a gani. Yayar maigida ma ta aiko, aka auna mata, babu wanda ya tada tsohon zance. Sannan a watan Oktoba abin Majiya ya faru, nan cikin ƙaramar hukumarmu, tankar mai ta faɗi da dare mutane suka fito ɗiba, wuta ta tashi, sama da mutum 150 suka rasu, Allah ya jiƙansu ya gafarta musu. Naga masu rubutu a Facebook suna cewa kwaɗayi ne da jahilci. Haɗari ne babba kuma ina roƙon kowa in mota ta faɗi ya gudu nesa, amma lokacin lita tana neman naira 1,000, kuma mun san irin gidajen da samarin nan suka fito. Shi yasa bana son wani ya ɗauki labarina ya je yana gaya wa talaka ai rashin tattalinka ne. Mu muna da gonar tudu da ta bamu buhu 9 da zamu yi lissafi a kai. Wanda bashi da gona, da matar da miji ya mutu ya bar mata yara, da wanda ruwa ya cinye masa komai, me zasu kulle a ɗaki. Waɗannan taimako suke buƙata daga masu hali da hukuma, da taki mai sauƙi da aikin yi.

A 2025 kuma sai abin ya juya, farashin hatsi ya faɗo, taki kuma yana sama. Masu saye sun ji sauƙi kuma na taya su murna, amma manoma da yawa da suka ɓoye buhuna suna jiran tsada sun yi asara, wasu ko kuɗin takinsu basu mayar ba. Mu tunda na ci muka ajiye ba na riba ba, tashi ko faɗuwa tuwonmu ɗaya ne. Da kuɗin ridi na kaka biyu da tumaki uku da adashina muka haɗa aka je gaban mai unguwa aka karɓo gonar fadama, maigida ya dawo da takardar ya miƙa wa Inna, tace ba ni zaka ba ba, ba matarka ta ajiye. Makullin ɗakin hatsi ma yanzu a hannuna yake dan ƙafa ta fara damunta, amma har yau in na auna sai ta leƙo ta ga ko nayi tozo.

Ba wai mun huta bane. Rufin ɗakin Inna yana yoyo yana son kwano, babbar 'yata ta fara girma ga maganar kayan ɗaki nan gaba, na fara sayen kwanuka ɗaya ɗaya ina turawa ƙarƙashin gado duk da burina ta gama makaranta tukunna har ta samu ta yi aikin asibiti. Yara kuma suna girma cikinsu yana girma, kwano ɗaya ya fara kasa mu, bana sai mun ƙara kwata, wato muna buƙatar sama da buhu 11. Yanzu haka muhawarar da muke yi da maigida kenan, shi yana son ya ƙara wa ridi fili tunda shi ke kawo kuɗi, ni kuma nace a fara cika na gero da dawa tukunna, fadaman ma a raba biyu kar a zuba duka a shinkafa tunda bamu san me ruwa zai yi ba. Bamu gama daidaitawa ba, yace in ya dawo daga ci-rani zamu zauna gaban Inna da takarda. Ku sa mu a addu'a Allah ya bamu damina mai albarka.